Araha Ba Ta Ado: Giyar Shinkafar Japan da 'Yan Cin Ranin da Suka Raine Ta

Ranar da na fara jin kalmar sake a bakin mutumin Japan, na ɗauka kashedi yake yi mini. A wurinmu in an ce mutum ya yi sake, to ya bar abu ya kuɓuce masa ke nan. Ashe malamin namu kwalba yake nuna mini, yana tambaya ko zan taɓa. Na ce masa ni Musulmi ne, ba na sha. Ya sunkuya, ya ba ni haƙuri har sau biyu, ya sa aka kawo mini shayi. Tun daga ranar har na bar ƙasar, wata biyar cur, ko ɗigo bai shiga bakina ba. Na faɗi wannan tun da fari domin mai karatu ya san inda na tsaya. Duk abin da zan ce game da ɗanɗano aron baki na yi. Hanci da ido ne kawai nawa.

Ni malamin gona ne, shinkafa ce aikina, kuma kwas ɗin nomanta ne ya kai ni can. Ɗakin da ke maƙwabtaka da nawa na wani abokin karatu ne daga Garwa ta ƙasar Kamaru, Kirista, mai Hausa kamar a Fagge aka yanke masa cibiya. Guzurin da ake ba mu ba shi da yawa, shi kuma yana tara kuɗin gini. Saboda haka in Asabar ta zo sai ya shiga ɗan kantin nan da ba ya rufewa dare da rana, ya duƙa wajen kanta ta can ƙasa, inda kayan araha suke. Abu biyu yake ɗaukowa: jan ruwan inabi na ƙasar Chile, wanda bai wuce yen 600 ba, da wani ɗan kofin gilashi mai murfin gwangwani, cike da giyar shinkafa. Mu zauna a ɗakin cin abinci, ni da shayina, shi yana yanke hukunci kamar alƙali.

“Malam, wannan zoɓo ne da aka manta ba a sa masa sukari ba,” in ji shi a kan wata kwalba. Wata kuma ya ce baurinta ya fi na ɗanyen goro, ta kama harshe ta ƙi saki. Wata ya ce ba laifi, muddin akwai nama a kusa. Arahar jan ba ta ba ni mamaki ba. A 2007 Japan da Chile suka ƙulla yarjejeniyar ciniki, aka yi ta rage kuɗin fito shekara bayan shekara, har a 2015 ruwan inabin Chile ya fi na Faransa yawan shiga ƙasar. Kofin shinkafar ne ya ɗaure mini kai. Abokina ya ce da sanyinta zaƙi-zaƙi take fara yi, sai ɗan yaji a maƙogwaro, sai ta ɓace kamar ba a yi ba, in kuma an tsoma kofin a ruwan zafi sai ta yi laushi. Da ya ɓalle murfin, ƙanshin da ya doki hancina na san shi tun ina yaro. Ƙullun waina ne da ya kwana.

Ya yi dariya ya ce araha ba ta ado. Ni kuwa lissafi nake yi. Shinkafa a Japan tsada gare ta, duk wanda ya taɓa sayen ɗan buhu mai kilo biyar ya sani. To ta yaya abin da aka yi da ita ya zama abin shan mai ƙaramin ƙarfi? Amsar ba a kanti take ba. Na same ta a Nada, wani siririn yanki tsakanin duwatsun Rokko da bakin teku, daga gabashin Kobe zuwa Nishinomiya, inda har gobe ake yin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na giyar shinkafar ƙasar. An kai mu can ne don mu ga injinan casa. A wani tsohon gidan giya da aka mayar gidan tarihi, wani dattijo ɗan asalin Tamba, wanda ya yi hunturu sama da talatin a wannan sana'a, ya zaga da mu, tafinta na biye.

Abin da ya fara warware mini shi ne yadda hatsi yake zama giya. Inabi da sukarinsa yake zuwa, a matse a ajiye, shi da kansa zai tsima. Dawa kuwa, ko wanda bai taɓa leƙa gidan burkutu ba ya san sai an jiƙa ta ta yi tsiro tukuna. Shinkafar da aka surfe ba ta tsiro, idonta ya tafi da dusa. Mutanen da can can, kamar yadda tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar suka nuna, tauna ta suke yi su tofa a tukunya, yawu ya yi aikin. Daga baya aka koma ga wata funfuna da suke kira koji. A turara shinkafa, a barbaɗa mata ƙwayar funfunar, a lulluɓe ta a ɗaki mai ɗumi kwana biyu, ta fito fara sol tana zaƙi. Funfunar tana mayar da gari sukari, yis yana cin sukarin, duka a randa ɗaya a lokaci ɗaya, har ƙarfin abin ya kusa kashi 20 cikin ɗari kafin a sirka da ruwa.

Nan ne dattijon ya tambaye mu ko wani ya ci natto da safe. Natto waken suya ne da ake rufewa ya ruɓa, ya yi yauƙi. Ranar da na fara jin warinsa na ce yau ga daddawa a ƙasar Japan, kuma ba kuskure na yi ba, ƙwayar halitta iri ɗaya ce take aiki a duka biyun. Ya ce duk tsawon lokacin aiki, mai yin giya ba ya cin natto, domin in ƙwayarsa ta shiga ɗakin koji ta fi funfunar ƙarfi, aikin ya lalace. Na tuna kakata da ba ta yarda kowa ya buɗe mata daddawa kafin ranarta.

Sana'ar ta daɗe a fada kafin ta fito kasuwa. Kundin dokokin fadar sarki mai suna Engishiki, wanda aka kammala a 927, ya bayyana irin giyar da ma'aikatan fada suke yi don bukukuwa da bauta. Daga fada ta koma gidajen ibada. Malaman addinin Buda na yankin Nara, musamman na Shoryakuji, su ne gwanayen zamaninsu. Littafin abubuwan yau da kullum da malaman gidan ibadar Tamon-in suka ajiye ya nuna cewa tun cikin shekarun 1560 suna ɗumama giya don kada ta lalace. Louis Pasteur bai gwada wannan dabara a kan ruwan inabin Faransa ba sai cikin shekarun 1860, shekara 300 bayan haka. Su ba su san ƙwayar cuta ba. Sun dai lura cewa wadda ta ji wuta tana kai wa bazara.

Tun kafin wancan lokaci hukuma ta rasa yadda za ta yi da ita. A 1252 gwamnatin soja ta Kamakura ta hana sayar da giya, ta sa aka ƙirga randunan garin aka sami sama da 37,000, aka bar wa kowane gida ɗaya aka farfasa sauran. Waɗanda suka gaje su sai suka ga ai fasa randa asara ce, gara a ɗora mata haraji. Zuwa 1425 an ƙirga masu gidan giya 342 a birnin Kiyoto da kewayensa, da yawansu kuma su ne masu ba da bashi da ruwa. Tsakanin waɗannan biyu, hani da haraji, tarihin nan ya yi ta lilo har zuwa zamaninmu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san matsayin shinkafa a can. A zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, shinkafa ce kuɗi. Da ita manomi yake biyan haraji, da ita ake biyan sojan sarki, da ita ake auna girman hakimi. Ma'aunin shi ne koku, wajen lita 180, abin da ake ganin zai ciyar da mutum ɗaya shekara. In an raba koku gida dubu, kashi ɗaya shi ne go, ɗan awo mai cin mililita 180. Duk koku ɗin da ya shiga gidan giya, abincin wani ne na shekara ya tafi. Shi ya sa a 1657 aka fito da lasisi mai ƙayyade wa kowane mai gida yawan shinkafar da zai taɓa. In an yi fari ko ambaliya, a ce kowa ya rage rabi ko fiye. In kaka ta yi kyau farashi ya faɗi, hakimai su shiga uku, tunda albashinsu hatsi ne, sai a saki mara, kamar yadda aka yi a 1754 da aka ce kowa ya yi iya ƙarfinsa. Gidan giya ya zama rumbun da hukuma take buɗewa da rufewa don daidaita kasuwar hatsi.

A cikin waɗannan dokoki akwai wadda ta fi taɓa ni. A 1673 aka hana yin giya sai da hunturu. Hukuma tana so ta ga yadda kaka ta kasance kafin a taɓa hatsi, sanyi kuma yana hana tsami shiga randa. Amma wa zai yi aikin wata uku ko huɗu kawai a shekara? Manomin da ƙanƙara ta rufe masa gona. Da tafinta ya fassara mana wannan, na ce da abokina, “Ai cin rani ne wannan.” Mahaifina ya yi shi shekara da shekaru. Da an kai amfanin gona gida an ɗaure rumbu, sai su haɗu su biyar ko shida 'yan garinmu su nufi Kano, wannan dako, wannan ga-ruwa, ba za a sake ganinsu ba sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Su dawo da gishiri, da turmin atamfa, da kuɗin haraji a ƙulle. Mu rani ke korar mu daga gona, su sanyi. Bambancin ke nan.

Mutanen Tamba, ƙasar duwatsu da ke arewa da Nada, su suka riƙe wannan hanya, har suna kiran tafiyar aikin kwana ɗari. Ba su same ta a sama ba. Hakimin Sasayama, a ƙasar Tamba, ya taƙaita fita, yana tsoron gona za ta rasa hannu. A 1800 wani manomi mai suna Ichihara Seibei ya taka har Edo, wato Tokiyo ta yau, ya kai kuka gaban hakimin kai tsaye, abin da a lokacin kan iya jawo wa mutum rasa ransa. An ɗaure shi, amma bayan shekara biyu aka sassauta dokar. Har yau mutanen yankin suna girmama sunansa.

Tsarin tafiyar kamar na fatake yake. Mai gidan giya shi ke da jari da gini da suna, amma ba ya taɓa aikin. Wanda ya san sirrin shi ne toji, madugun ayarin, kuma shi ma manomi ne. Shi zai zaɓi mutanensa daga ƙauyensu, ya san uban kowa. Ƙarƙashinsa akwai mataimaki, da mai kula da koji, da mai kula da uwar tsimi, da mai tukunyar turare shinkafa, har zuwa yaron da ke dafa wa kowa abinci. Daga nan kowa yake farawa, in ji dattijon, shi ma daga nan ya fara. In giya ta yi kyau, sunan mai gida ne zai tafi Edo. In randa ta ruɓe, sunan toji ne ya ɓaci, kuma baɗi ƙauyensu duka ba su da wurin zuwa.

Ya nuna mana kayan aikin ɗaya bayan ɗaya. Ga bahon katako da ake zuba shinkafa a tattaka ta da ƙafa cikin ruwan da ya kusa daskarewa, tun kafin asuba. Ga babbar madambaciya da ake ɗorawa kan tukunyar ƙarfe. Mai tukunya zai ɗebo shinkafa da zafinta, ya murza ta a tafin hannu ta zama ɗan curi, ya kai wa toji ya duba ko ta nuna. Ga gangunan itace da suka fi ni tsawo, sai da tsani ake leƙa cikinsu. Daga sanyin tsakar gida mutum zai faɗa ɗakin koji mai zafi kamar watan azumin bazara, ya juya shinkafa da hannu, ya fito, bayan sa'o'i kaɗan ya koma, dare da rana. Uwar tsimi kuma sai an dame ta da sanduna cikin tsakar dare, mutum biyu ko uku a kan baho ɗaya. Ba su da agogo, da waƙa suke auna lokaci, ita kuma take daidaita hannuwansu, kamar 'yan mata a bakin turmi suna lugude. Shi ya sa suke cewa iya waƙa rabin lada ne. Akwai ma wanda aikinsa shi ne ya kwana yana gadin kumfa kada ta tumbatsa. Mata ba sa shiga. Matan na can ƙauye da tsofaffi da yara, suna kwashe ƙanƙara daga kan rufi.

Me ya sa Nada ta sha gaban garuruwan da suka riga ta, irin su Itami da Ikeda? Abu huɗu ne, kuma biyu daga ciki aikina ne. Na farko casa. A da, da turmin ƙafa ake surfe, mutum ya yini yana taka sanda. Ƙoramun da ke gangarowa daga Rokko suna da gudu, sai mutanen Nada suka kafa ƙafafun ruwa masu ɗaga taɓare da yawa lokaci guda, dare da rana. Shinkafa ta fi fari, ta fi yawa, giya ta fi tsabta, tunda mai da furotin na ƙwaya a bayanta suke, su ne kuma ke kawo ɗaci. Na biyu iskar hunturu da ke saukowa daga dutsen, wadda suka gina tagogi daidai hanyarta don ta huce musu shinkafa. Na uku ruwa. Wajen 1840 wani mai gida, Yamamura Tazaemon, yana da gidan giya biyu, ɗaya a Uozaki ɗaya a Nishinomiya, kullum na Nishinomiya ya fi. Ya musanya toji, bai canza ba. Sai ya sa aka yi jigilar ruwan rijiyar Nishinomiya zuwa ɗaya gidan, nan take aka ga bambanci. Daga baya masana suka gano ruwan yana da sinadaran da yis yake so, ba shi kuma da ƙarfen da ke ɓata launi. Har yau ana kiransa miyamizu, ana kuma tsaron rijiyoyinsa.

Na huɗu teku. Edo ta kai mutum miliyan, maza sun fi yawa, kuma ba ta iya yin giya mai kyau ba. A kan doki ganga biyu kawai ake ɗorawa. Nada kuwa a bakin ruwa take. Daga 1730 aka ware jiragen ruwa na dakon giya zalla, masu saurin lodi da tashi. Kowace ganga ta itacen sugi ce, mai cin wajen lita 72, a naɗe da tabarmar kara. A farkon ƙarni na 19 gangunan da ke sauka Edo a shekara sun haura miliyan. Har tsere ake yi da giyar sabuwar shekara, jirgin da ya riga isa ya sami suna da farashi. Kwanakin da take yi tana girgiza a cikin itace suna ba ta wani ƙanshi, mutanen Edo suka saba da shi har suka ɗauka haka giya take. Kafin ta kai bakin ɗan dako kuwa, mai kanti ya riga ya ƙara mata ruwa. Araha da algus tun lokacin tare suke tafiya.

Da mulkin Tokugawa ya faɗi a 1868, sabuwar gwamnati ta buɗe ƙofa, gidajen giya suka kusa 30,000. Sannan ta fara matsa haraji, ƙanana suka yi ta mutuwa. Yaƙi da Sin a 1894, da shirin yaƙi da Rasha wanda ya zo a 1904, duk suna son kuɗi. A 1899 harajin giya ya zarce harajin ƙasa, ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da gwamnati take tarawa. A wannan shekarar aka haramta wa manomi ya dama tasa a gida. Doburoku suke kiranta, fara mai kauri kamar kunu, wadda kowane gida a ƙauye ya iya. Mutumin da ya noma shinkafar, ya yi hunturu yana yi wa wani giya, in ya dawo gida ya jiƙa mudu ɗaya don kansa ya zama mai laifi. Dokar tana nan har yau. Tunda kuma randar da ta ruɓe asarar baitulmali ce, a 1904 ma'aikatar kuɗi, ba ta gona ba, ta kafa cibiyar binciken giya. Daga can aka fito da hanyar da ta rage wahalar damun dare, aka fara gasa a 1911, aka riƙa zaɓo yis mai kyau ana raba wa kowa.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya haifi kofin abokina. Shinkafa ta koma rabo da kati, abin da ake ba gidajen giya ya ragu ƙwarai. Mai gida ya ƙara ruwa, dillali ya ƙara, mai kanti ya ƙara, har mutane suka sa mata suna giyar kifi, wai ɗan kifin ado zai iya iyo a ciki lafiya lau. A 1943 aka halatta zuba barasa tatacciya a cikin randa. Bayan yaƙi abin ya fi muni, mutane suna shan haɗe-haɗen bayan fage, wasu suka makance, wasu suka mutu. A 1949 aka yarda da wata dabara: a zuba barasa da ruwa da sukari da ɗan tsami, abin da shinkafa za ta ba da ganga ɗaya ya zama uku. An yi ta ne don lalura, amma lalura ta wuce riba ta riƙe ta. Sai a 2006 doka ta ce wadda aka ninka uku ba za ta ƙara amsa sunan ba. Zaƙi-zaƙin nan da yajin maƙogwaro da abokina ya ji, jikokin wannan zamani ne. Har yau fiye da rabin abin da ake sayarwa irin na yau da kullum ne, mai ƙarin barasa.

Kofin kansa yana da ranar haihuwa. Kamfanin Ozeki na Nishinomiya ya fito da shi ranar 10 ga Oktoba, 1964, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik na Tokiyo, a kan yen 85. Kafin nan sai an sayi babbar kwalba mai lita 1.8, a juye a ƙaramar buta, a ɗumama, wani ya zuba maka kai ma ka zuba masa, don a al'adarsu ba a zuba wa kai. Kofin ya raba mutum da duk wannan. Lebura ya saya a tashar jirgi, ya ɓalle murfi, ya sha a tsaye shi kaɗai. Ciniki ya yi ta hawa har 1973, lokacin da aka sha wajen lita biliyan 1.7. Daga nan sai gangara. Matasa suka koma wasu abubuwan sha, ciki har da jan ruwan inabin kanta ta ƙasa. Yau abin da ake sha bai kai kashi ɗaya cikin uku na wancan ba, gidajen da ke aiki kuma sun ɗan haura dubu kawai.

Masu sana'ar suka nemi mafita ta sama. A 1992 aka gama soke tsohon tsarin daraja ta ɗaya da ta biyu, wanda tun asali don haraji aka yi shi. Aka koma auna giya da yawan surfe: wadda aka zubar da kashi 40 cikin ɗari na ƙwaya tana da suna, wadda aka zubar da rabi tana da wani. Irin shinkafar da suke ji da ita, Yamada Nishiki, wadda aka sa wa suna a lardin Hyogo a 1936, doguwa ce mai saurin kwanciya, mai babbar ƙwaya da farar cibiya. Na riƙe wadda aka surfe a hannuna, ta zama 'yan duwatsu kamar tsakiya. A matsayina na wanda ya sha faɗa da masu injin casa a kan ɗan kashin da ke karyewa, na daɗe ina kallonta. Irin wannan ce take tafiya Amurka da Turai, ita ake yi wa ado. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa gwanintar aiki da koji cikin jerin al'adun duniya.

Amma mutanen da suka riƙe gwanintar fa? Tun 1961 kamfanin Gekkeikan na Fushimi ya gina gida mai na'urar sanyaya iska, inda ake aiki duk shekara. In hunturu ya zama na inji, ɗan cin rani ba shi da gurbi. Girgizar ƙasar 17 ga Janairu, 1995, wadda ta kashe mutum sama da 6,000, ta rusa yawancin tsofaffin gidajen katako na Nada, a tsakiyar lokacin aiki. Waɗanda aka sake ginawa na kankare ne da tankunan ƙarfe, ma'aikatan kuma masu albashin wata ne, wasu da digiri, wasu mata. Na tambayi dattijon ko har yanzu ƙauyensu yana zama kango da hunturu. Ya ce a'a. Na yi murna, na ce haka mu ma, tun da noman rani ya zo wasu sun daina tafiya. Tafinta ya girgiza kai, ya ce ban fahimta ba. Ba wanda zai tafi ne. Samarin sun tafi birni tun tuni, ba su dawo da bazara ba.

Daren Asabar ɗin ƙarshe abokina ya sayo kofinsa kamar kullum. Ya kurɓa, ya ce yau ma dai haka take, ba yabo ba fallasa. Ni kuma na tashi in ɗora shinkafata. Tukunyar lantarkin da ke ɗakin tana da ɗan kofin roba na awo, wanda na yi wata biyar ina amfani da shi ban taɓa duba gindinsa ba. Na juya shi. An rubuta 180. Na ajiye shi kusa da na abokina a kan tebur, na roba da na gilashi, go ɗaya da go ɗaya. Sarakunan soja sun fasa randuna, hakimai sun hana tafiya, ma'aikatar kuɗi ta kafa ɗakin bincike, duk a kan tambaya ɗaya: wannan ɗan awo na hatsi, tukunya zai shiga ko ganga? Na cika nawa har baki, na share kansa da yatsa kamar yadda mahaifiyata take yi wa mudu, na juye a tukunya.